Horar da Ma'aikata a Bakin Aiki: Darasi Daga Malaman Gona na Kudancin Kano

Kusan kowace ma'aikata ta gwamnati tana da ofishin da aka ɗora wa alhakin horar da ma'aikata, kuma sau da yawa akan danƙa wannan ofishi ga wanda bai taɓa horar da kowa ba. Wani fitowarsa ke nan daga jami'a, wani kuwa tsohon akawu ne da aka yi wa canjin kujera. Ran da ya kama aiki zai tarar da fayil cike da takardun masu neman a tura su kwas, da sunayen waɗanda suka je bara, da kasafin kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai ya ɗauka aikinsa shi ne rabon kwasa-kwasai da biyan alawus. Wannan zato shi ne kuskure na farko, sauran kurakuran kuwa duk 'ya'yansa ne. Ba sai an je nesa ba kafin a ga dalili. Ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, a kudancin Jihar Kano, tana cikin wuraren da aka gudanar da wani babban gwaji na horar da ma'aikata a bakin aikinsu. Ta ga amfaninsa, ta kuma ga yadda ya raunana. Ma'aikatan da aka yi gwajin a kansu su ne malaman gona.

Yadda kwas ya rabu da aiki

Bahaushe bai jira zuwan Turawa ba kafin ya san horo. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga, ya daɗe a kanta yana kallon launin ƙarfe a cikin wuta, kafin a ba shi awartaki ya riƙe, sannan masaba. Ba a ce masa ya iya sai ran da manomi ya sayi hauyar da ya ƙera, ya yi damina da ita, bai dawo da ƙorafi ba. A nan makaranta da wurin aiki abu ɗaya ne, malami kuma shi ne maigidan aiki, jarrabawa kuwa kasuwa ce ke yin ta.

Aikin ofis ya zo da wata hanya dabam. A ƙarshen shekarun 1940 aka buɗe makarantar koyar da akawuna a Kongo, Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki a 1954, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ma'aikatan En'e da na Gwamnatin Jihar Arewa da yawa a can suka sami horo. Bayan yaƙin basasa Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971, wanda hedkwatarsa take Jos, sannan Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikata ta Badagiri a 1973. Rahoton Hukumar Udoji na 1974, wanda jama'a suka fi tunawa da shi saboda ƙarin albashi da ariyas, shi ma ya nanata bukatar horar da ma'aikata. Duk waɗannan sun yi wa ƙasa aiki, ba a musun wannan. Sai dai sun bar wata al'ada a zukatan ma'aikata, wato ganin cewa horo shi ne mutum ya bar kujerarsa, ya tafi wani gari, ya dawo da takardar shaida, a saka masa ita a fayil don ranar ƙarin girma. Ko ya dawo ya canza wani abu a aikinsa, ba kasafai ake tambaya ba.

Sabon aiki a kudancin Kano

A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, sannan babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano, tsakanin 1971 da 1974, dukansu a ƙasar Bebeji. Ruwan Tiga shi ke bin babbar hanyar ruwa zuwa filayen noman rani na Kadawa da Kura da kewaye. Manomin da ya gaji ban ruwa da jigo a fadama sai ga shi gaban magudanar siminti, ana ce masa ruwa zai zo ran kaza ya ɗauke ran kaza, alkama kuma lalle a shuka ta a farkon sanyin hunturu, in an makara ba ta yin kyau. Can kudu kuma, wajen Tudun Wada da Doguwa, inda ruwan sama ya fi na sauran jihar yawa, masara ta fara fita daga bayan gida tana shiga manyan gonaki. Masara kuwa ba gero ba ce, tana son taki a kan lokaci.

Waɗannan sauye-sauye sun bukaci mutumin da zai tsaya tsakanin masu bincike na Samaru da manomin ƙauye. Malamin gona dai akwai shi tun zamanin En'e, amma aikinsa ya yi yawa kuma bai da tsari. Shi ne mai rabon iri, shi ne mai ƙidayar gonaki, shi ne mai bin bashi, wani lokaci har da taya shirin tarbar manyan baƙi. Abin da ya koya a makarantar aikin gona shekara goma da suka wuce, da shi yake ta aiki.

A 1975 aka fara shirye-shiryen raya aikin gona da taimakon Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe. Da aka ga alamun nasara sai aka faɗaɗa su zuwa jihohi sukutum. Na Kano ya zo a farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, da kafa Hukumar Bunƙasa Aikin Gona da Raya Karkara, wadda aka fi sani da KNARDA. A lokacin Jigawa tana cikin Kano, domin sai 1991 aka cire ta. An raba jihar shiyya-shiyya, ƙasar kudu ta faɗa a shiyyar Rano. Tsarin da irin waɗannan hukumomi suka ɗauka na tafiyar da malaman gona shi ne wanda ake kira horo da ziyara. Wani masani ɗan Isra'ila, Daniel Benor, shi ya tsara shi, aka gwada a Turkiyya da Indiya, sannan Bankin Duniya ya yaɗa shi a ƙasashen Asiya da Afirka da dama.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda tsarin yake, domin a cikin ƙananan ƙa'idojinsa darasin yake. Kowane malamin gona ana yanka masa yankinsa, a raba manoman yankin ƙungiya takwas. Cikin mako biyu zai ziyarci kowace ƙungiya sau ɗaya, a rana tsayayya wadda manoman suka sani, maigidansa ma ya sani. A kowace ƙungiya akan zaɓi wasu manoma kaɗan waɗanda zai riƙa tsayawa a gonakinsu, da fatan maƙwabta za su gani su kwaikwaya. Rana ɗaya cikin mako biyun nan kuma ta horo ce: malaman yanki za su taru, ƙwararru a fannin amfanin gona ko ƙwari ko taki su koya musu abin da za su faɗa wa manoma a mako biyu masu zuwa, ba ƙari. Su ƙwararrun kuma sukan zauna da masu bincike sau ɗaya a wata, su karɓo sabon bayani, su kai matsalolin da aka kawo daga ƙauye. A bisa malamai kamar takwas akwai mai duba aiki ɗaya, wanda aikinsa shi ne ya bi su gona. An kuma ce a sauke wa malamin gona duk wani kaya da ba na koyarwa ba.

Abin da sabon jami'i zai lura da shi

Abu mafi muhimmanci a wannan tsari shi ne gajartar tazara tsakanin ranar koyo da ranar aiki. Alal misali, idan ruwa ya zauna a Doguwa ana shirin shuka, horon wannan mako zai tsaya ne a kan shuka kaɗai: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami. Malamin zai riƙe igiya da sanda ya auna da hannunsa a gaban ƙwararre, gobe ya je ya nuna wa manomi. Maganar yuriya, wadda ake zubawa bayan mako biyar ko shida a kuma binne ta don kada ta bi iska, sai lokacinta ya zo. Maganar rumbu da ƙwarin ajiya sai da kaka. Wanda aka tara wa duk wannan a kwas na wata uku da rani, kafin damina ya manta rabi. Ba don ba shi da basira ba, sai don abin da hannu bai taɓa ba, ƙwaƙwalwa ba ta daɗewa da shi. Turawan Amurka sun gano haka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da suka rasa ƙwararrun ma'aikata a masana'antu suka koma koyar da sababbi a gindin inji, mataki-mataki: a nuna, a bar mutum ya yi, a gyara masa, a dawo a duba. Maƙerin Bebeji da zai ji wannan bayani, da ya ce ai ba sabon abu ba ne.

Saboda haka tambayar da ta kamaci sabon jami'i ba ita ce wane kwas ake da shi bana ba. Tambayar ita ce, me ake so wannan ma'aikaci ya yi ran Litinin wanda a yanzu ba ya yi, ko yake yi ba daidai ba? Amsar ba ta cikin fayil. Sai ya bi ma'aikacin wurin aikinsa, ko malamin asibitin sha-ka-tafi ne a Ƙiru, ko mai karɓar haraji a kasuwar Kwanar Ɗangora, ya zauna ya kalla, ya yi shiru. Sabon jami'i yana da wata dama da tsoho ba shi da ita, wato babu wanda zai ga baikensa in ya yi tambayar da ake ganin ta rashin sani ce. Wannan dama ba ta wuce wata shida, ya kyautu a ci moriyarta.

In ya yi wannan zama, zai gano abin da zai ba shi mamaki: yawancin gazawar da aka kawo masa da sunan rashin horo, ba rashin horo ba ce. Malamin gona ya san taki ya kamata a zuba mako biyu bayan shuka, manomi ma ya ji ya yarda, amma takin bai iso gari ba sai da masara ta yi goyo. Malamin ya san ranar ziyararsa, amma babur ya lalace, ba a biya kuɗin mai ba. Idan aka kira irin wannan ma'aikaci aka sake karanta masa darasin taki, an ɓata kuɗi, an kuma ci masa fuska, domin ya san inda gizo yake saƙar, ya kuma san mai koyarwar ya sani. Horo maganin rashin sani ne da rashin iyawa. Ba ya maganin rashin kayan aiki, ko albashin da ya makara, ko maigidan da ba ya zuwa ofis. Jami'in da ya iya rubuta wa shugabansa cewa wannan matsala ba ta horo ba ce, ga inda take, ya yi aikin da ya fi shirya taro goma, ko da yake ba lalle a gode masa ba.

Sai kuma maganar mai duba aiki. Masu shirya horo sukan manta da shi, alhali shi ne ke raya darasi ko ya kashe shi. Ma'aikaci ya dawo da sabuwar hanya, maigidansa ya ce a nan ba haka muke yi ba, shi ke nan magana ta mutu. Tsarin horo da ziyara ya gane wannan, shi ya sa ya sa mai duba aiki a cikin zaman horon, ya kuma ba shi jadawalin da zai sa ya san a wace gona zai sami malaminsa a kowace rana. Wanda zai horar da ƙananan ma'aikata, ya fara da na samansu.

Inda tsarin ya yi rauni

Ba a ce tsarin ba shi da aibi ba. Babban aibinsa shi ne magana ta fi gangarowa daga sama fiye da yadda take hawa daga ƙasa. A takarda an ce malami zai kawo koken manomi, amma a aikace sau da yawa saƙo ɗaya ake rabawa ga kowa. Jihar Kano kuwa ba ƙasa ɗaya ba ce. Abin da ya dace da jigawar Dambatta bai dace da jar ƙasar gindin duwatsun Riruwai ba, mai shinkafa a fadamun Tudun Wada kuma damuwarsa dabam da ta mai dawa da wake a Ƙiru, wanda wuta-wuta ta addaba. Manomi yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya don kada ya yi biyu babu in damina ta gaza, malami kuwa an koya masa darasin shuka iri ɗaya zalla. Manomin yakan saurara cikin ladabi, ya ce madalla, ya ci gaba da abin da ya sani. Shekara ta zagayo, a sake maimaita darasin bara, har zaman horon ya zama al'ada kawai, ana zuwa don a sa hannu a rajista.

Haka nan zaɓen manoman da ake tsayawa a gonakinsu yakan karkata wajen masu hali da makusantan dagaci, waɗanda ƙaramin manomi ba ya ganin kansa a cikinsu. Mata kuma an daɗe ba a lissafa da su, ga shi kuwa a hannunsu sussuka da casa da turara shinkafa da tatsar man gyaɗa suke, kuma namiji baƙo ba ya shiga gidan aure. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe sashen mata a cikin waɗannan hukumomi, aka ɗauki malamai mata. Duk wanda ya tsara horo yana zaune a ofis, akwai waɗanda zai manta da su, kuma ba zai san ya manta ba.

Abin da ya karya tsarin daga ƙarshe shi ne kuɗi. Taro duk mako biyu, da babura, da mai, da alawus na ɗaruruwan ma'aikata, abu ne mai tsada, kuma rancen Bankin Duniya ne ya ɗauki kaso mai yawa. Darajar naira ta faɗi daga 1986, rancen kuma ya ƙare a cikin shekarun 1990. Jihohi suka ci gaba da biyan albashi, amma kuɗin zirga-zirga ya ƙafe. Zaman mako biyu ya koma na wata-wata a wurare da yawa, daga baya sai in an sami hali. Shi kansa Bankin ya daina goyon bayan tsarin. Sabon jami'i zai haɗu da masu ba da agaji da za su zo da shiri mai kyau na shekara uku ko biyar. Kafin ya sa hannu, ya lissafa wane ɓangare na shirin ma'aikatarsa za ta iya riƙewa da aljihunta a shekara ta shida. Ƙaramin zama na awa biyu a ƙarƙashin inuwa, wanda babban ma'aikaci zai jagoranta ba tare da an kawo kowa daga birni ba, ya fi tsawon rai a kan taron otal. Akwai kuma illar da alawus mai tsoka yake bari: da zarar ma'aikata sun saba horo yana zuwa da ambulan, ranar da babu ambulan ɗakin zai zama wayam.

Yadda ake gane horo ya yi amfani

A 1992 shirin Sasakawa, wanda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa ya kafa a 1986 tare da masanin alkama Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ya fara aiki a jihohin Kano da Kaduna a kan masara da alkama. Bai ɗauki sababbin ma'aikata da yawa ba, da malaman gonan jiha ya yi aiki. Abin da ya ƙara shi ne gonar gwaji mai girman rubu'in hekta, a cikin gonar manomi, manomin ne kuma yake yin aikin da hannunsa bisa ja-gorar malami. Da kaka a auna abin da aka samu a gaban maƙwabta. A wurare da dama masarar irin waɗannan gonaki ta ninka ta gefenta. Muhimmancin wannan ga mai horarwa shi ne an sami ma'auni: buhu nawa. Malamin da ya koyar daidai, gona za ta shaide shi, wanda ya yi ha'inci ma haka.

Wani Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, ya bayyana a 1959 cewa ana iya auna horo ta hawa huɗu: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko sun canza yadda suke aiki, ko kuma aikin ma'aikatar kansa ya gyaru. Yawancin rahotannin horo a hawa na farko suke tsayawa. Akan raba takarda a ranar rufewa, kowa ya rubuta cewa ya ƙaru ƙwarai, musamman in abinci ya yi daɗi, sai a rubuta wa shugaba cewa an horar da mutum kaza. Adadin waɗanda suka zauna a ɗaki ba sakamako ba ne. Ba kowane aiki ne yake da buhun da za a auna ba, gaskiya ne, amma kowane aiki yana da abin da ya yi kama da shi: kwana nawa fayil yake yi a tebur, yara nawa suka dawo allura ta biyu, kuskure nawa mai binciken kuɗi ya samu a littafin kuɗin shiga. Sai a ƙidaya kafin horo, a sake ƙidayawa bayan wata uku. In ba a ƙidaya da farko ba, babu abin da za a kwatanta da shi.

Bukatar horo kuma ba ta ƙarewa, domin aikin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2016 wata baƙuwar tsutsa mai cin masara, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, ta ɓulla a Nijeriya, ta bazu cikin ɗan lokaci. Babu malamin gonan da ya karanta ta a makaranta. Inda ake da sauran hanyar tara malamai a kai a kai, cikin 'yan makonni ana iya nuna musu kamanninta, da yadda take ɓuya a cikin kunnen masara, da cewa feshi ya fi ci da sassafe ko da yamma tun tana ƙarama. Inda hanyar ta toshe, manomi sai ya koma ga mai sayar da magani a kasuwa, wanda shi kuma abin da ke shagonsa zai ba shi. Wayar hannu da rediyo sun rage wannan giɓi, amma hoto a waya bai kai a buɗe ganye a gaban mutum ba.

Saura maganar wuri da lokaci, wadda ake rainawa. Doguwa ita ce ƙaramar hukumar da take can ƙarshen kudancin jihar, kan iyaka da Kaduna da Bauci, kuma mai fitowa daga Riruwai zuwa birnin Kano sai ya ratsa dajin Falgore. In aka kira shi zaman yini ɗaya a birni, kwana uku ya tafi: na zuwa, na zama, na komowa. In zaman ya faɗo a makon shuka, manomansa sun yi shuka ba shi. Mai koyarwa ɗaya ya tafi Tudun Wada ya fi sauƙi a kan mutum talatin su zo Kano, ga shi kuma zai koyar a kan ƙasar da za a yi aikin, da irin kayan da ake da su a wurin. Kafin a sa rana a duba ranar kasuwar yankin, a kauce wa Juma'a, a kuma tambayi su ma'aikatan wane mako ne aiki ya fi yi musu sauƙi.